Wane wurin wasa zan kai yara a Dubai cikin zafin Agusta?

Tambaya: Na saba zuwa Dubai sarin kaya, amma iyakata Deira da Naif, daga shago sai masauki. Bana a dogon hutu zan tafi da maigida da yaranmu uku, mai shekara 5, mai 9 da mai 14, har da surukata, wadda take fama da hawan jini. An ce akwai manya-manyan wuraren wasa da ke cikin rufi, da sanyi a ciki. Wanne ya fi dacewa da mu, nawa za mu tanada, kuma me ya kamata mu sani kafin mu je?

Amsa: Hajiya, kafin ki taɓa shafin sayen tikiti, nemo tef ɗin tela, ki tsayar da yaran nan a jikin bango ɗaya bayan ɗaya, ki auna tsayinsu da santimita ki rubuta. Sana'ata shirya wa iyalai tafiya ce, kuma wannan nake fara tambaya tun kafin a zo maganar kuɗi. A wuraren nan tsayi ake dubawa, shekaru sai nadiran. Kowane lilo yana da sandar awonsa a bakin layi. Manyan masu gudu yawanci suna neman santimita 130 zuwa 140, matsakaita wajen 110 zuwa 120, ƙananan kuma sukan yarda yaro ya hau idan babba na kusa da shi. Ɗan shekara 5 galibi yana wajen 110, don haka mafi yawan abin da ake yayatawa a talla ba nasa ba ne. Ɗan shekara 14 ya wuce wajen. Mai shekara 9 shi ne a bakin gaɓa, domin sa'anninsa sukan kasance tsakanin 130 da 135, kuma santimita biyu ko uku ne za su raba shi da lilon da ya ƙwallafa wa rai.

Ba mugunta ce ta sa ake haka ba. Ƙarfen da ke sauko wa mutum a kafaɗa ko a cinya an ƙera shi ne daidai da wani girman jiki. Yaron da bai kai ba, ƙarfen ba zai kama shi yadda ya kamata ba, kuma idan lilon ya juya da shi kai a ƙasa, ko ya sha kwana a guje, yana iya zamewa. Shi ya sa ma'aikatan bakin layi ba su san alfarma ba. A ɗaya daga cikin wuraren na ga wani Alhaji da na raka, ɗansa ya gaza sandar da abin da bai fi faɗin yatsu biyu ba. Alhaji ya yi Turanci, ya yi ɗan Larabcin da ya tsinta a Umara, ya zaro fasfo ya nuna shekarun yaron, har ya ce shi zai riƙe shi da hannunsa. Yarinyar da ke aikin sai murmushi take tana girgiza kai. Ta sake tsayar da yaron, ta ɗora tafin hannunta a kansa ta danne gashin, ta nuna wa uban tazarar. Yaron ya ɗaga dunduniya a hankali, ta kalli ƙafarsa, ya sauke. Yayyensa suka shige suka bar shi, kuma har bayan la'asar bai daina ajiyar zuciya ba. Da tun a gida aka auna shi, aka gaya masa wanda zai hau da wanda sai baɗi, da wunin bai lalace wa kowa ba. Shafin kowane wuri yana ɗauke da jerin lilonsa da tsayin da ake nema. Ki ɗauki lambobinki uku ki ƙirga nawa kowane yaro zai iya hawa a kowane wuri, nan za ki ga inda kuɗinki zai yi aiki.

Manyan wuraren da ake nufi guda uku ne. Ɗaya a Dubai, IMG Worlds of Adventure. Biyu kuma a tsibirin Yas da ke Abu Dabi, wato Warner Bros. World da Ferrari World, sai na huɗu da aka ƙara a tsibirin a 2023, SeaWorld, wanda ya fi karkata ga kifaye da halittun teku. Kin san zafin garin a Yuli da Agusta, ya haura digiri 40 ga laimar teku da ke hana gumi bushewa, kuma shi ne dalilin da ya sa aka gina su cikin rufi. Idan wani ya ce maki Global Village, a lokacin nan a rufe yake, daga wajen Oktoba yake buɗewa. Su Legoland da Motiongate na wajen Jabal Ali kuwa akwai yawo mai yawa a fili a cikinsu, ba na kai tsohuwa mai hawan jini can a Agusta.

IMG an buɗe shi a ƙarshen Agustan 2016, a kan hanyar Sheikh Mohammed bin Zayed, kuma sunan ya fito ne daga masu shi, Ilyas da Mustafa Galadari. Faɗinsa murabba'in ƙafa miliyan ɗaya da rabi, kusan filin ƙwallo 20 ke nan a ƙarƙashin rufi guda. An kasa shi sashe-sashe: na jaruman Marvel, na Cartoon Network, da wani kwari na manyan dabbobin da suka shuɗe mai suna Lost Valley. Can ne Velociraptor yake, lilon kan dogo da ke tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ba sarƙa ce ke jan shi sama ba, maganaɗisun lantarki ne jere a jikin dogon suke cilla shi, ya ɓulle ta jikin ginin ya fita waje cikin rana, ya yi juye-juyensa ya dawo. Akwai Predator, wanda ke hawa a miƙe ya sauko da kai a gaba. Akwai kuma gidan ban tsoro, Haunted Hotel, amma wannan da shekaru ake shiga, daga 15, saboda haka babban naki ma ya haƙura, gara ki gaya masa tun yanzu. Abin da IMG ya fi sauran da shi kusanci ne: daga Deira wajen rabin sa'a a mota idan hanya ta yi kyau, kuma galibi ya fi na Yas daɗewa a buɗe da dare. Metro ba ya kaiwa can, tasi za ku hau. Abin da nake ƙi da shi ga iyali irin naku, cikinsa da duhu-duhu, ga ƙara, kuma fitattun lilonsa na matasa ne. Ƙaramin zai sami abin yi a sashen katun, amma cikin sa'a biyu zai gama da su.

Ferrari World shi ne tsohonsu, tun 2010, wancan mai jan rufi da ake hangowa daga jirgi. Sunansa ya fita ne saboda lilon Formula Rossa, mai kai gudun kilomita 240 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da kambun gudu a duniya. Ƙarfin matsin mai ne ke fizgar shi da igiyar ƙarfe, irin dabarar da ake cilla jiragen yaƙi daga kan jirgin ruwa. Kafin a ɗaure mutum sai an miƙa masa tabarau na kariya, domin dogon a waje yake, kuma a wannan gudun ƙwayar yashi ko ɗan ƙwaro na iya raunata ido. Tsayin da ake nema 140 ne. Akwai Flying Aces mai hawa mita 63. Wuri ne na maigida da ɗan shekara 14. Ga sauranku kallon motoci ne da 'yan abubuwan yara kaɗan. Sa'arku ɗaya, a haɗe yake da kasuwar Yas Mall, mutum na iya takawa daga wannan zuwa wancan ba tare da ya fita rana ba.

Ni dai, a kan wannan iyali naki, Warner Bros. World nake zaɓa, ba tare da dogon tunani ba. An buɗe shi a Yulin 2018, an kashe masa dala biliyan ɗaya, kuma ya ɗan ɗara IMG girma, murabba'in ƙafa miliyan 1.65. Yana da sassa shida da abubuwan hawa da na kallo 29. Abin da ya sa ya fi maki shi ne yadda aka raba shi. Rabi na katun ne, Cartoon Junction da Bedrock da Dynamite Gulch, masu haske da launuka, inda ƙaramin da mai shekara 9 za su wuni ba su gaji ba. Rabi kuma, Gotham City da Metropolis, na su Batman da Superman, ya ishi babban. Lilonsa ba su kai na IMG da Ferrari tsanani ba, don haka da yawa daga cikinsu za ku hau gaba ɗaya, uwa da uba da 'ya'ya a mota guda, wanda a ganina shi ne amfanin fita da iyali. Kusan komai nasa a ciki yake, ba mai fitar da ku rana. Dandalin tsakiya yana da kujeru da wuraren cin abinci, kuma daga nan kowane sashe yake tashi, saboda haka Hajiya Babba, wato surukarki, za ta iya zama a wuri ɗaya kuna zuwa kuna dawowa. Sai dai sashen Gotham duhu ne da gangan, da dariyar mugunta na fita daga bango. Ɗan shekara 5 na iya firgita, ki riƙe hannunsa ko ki bar wa uban su shiga da manyan.

Idan kwanakinku sun yi kaɗan, sari ya cinye lokaci, ba ku da wunin da za ku ba Abu Dabi, to IMG ya wadatar, ku je bayan azahar ku dawo da dare. Abin da ba na so shi ne a haɗa wuri biyu a rana ɗaya don an ga tikitin haɗaka da araha. Tafiyar da za ku yi a cikin guda ɗaya ta kai ta wanda ya wuni yana zaga Kantin Kwari layi-layi, kuma ke kin saba, yaran da tsohuwa ba su saba ba.

Abu Dabi da Dubai ƙasa ɗaya ce, biyu daga cikin masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, bizar da kuka shiga da ita ta isa. Daga Deira zuwa Yas ya haura kilomita 100, sa'a ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Ku shida ne, ƙaramar tasi mutum huɗu take ɗauka, sai ku nemi babba ta Careem ko Uber, ko ku sa masaukinku ya kira maku. Kuɗin zuwa kaɗai yakan kai kusan na tikitin mutum ɗaya. Akwai bas mai lamba E100 daga tashar Al Ghubaiba, da E101 daga Ibn Battuta, ana biya da katin Nol, araha ƙwarai. Matsalarsu, babbar tashar cikin garin Abu Dabi suke kai mutum, wato sun wuce Yas, sai an sake hawa tasi an dawo baya. Ga matashi shi kaɗai babu laifi, ga mai tsohuwa da ɗan shekara 5 wahala ce. A cikin tsibirin kansa akwai bas kyauta, Yas Express, da ke zagaya wuraren wasan da otal-otal.

Maganar kuɗi. Tsarin ba irin wanda aka saba a gida ba ne, inda ake biyan kowane lilo daban. Kuɗin shiga ake biya sau ɗaya, sannan mutum ya hau abin da ya ga dama, sau nawa ya ga dama. Ma'anarsa, surukarki za ta biya ko da ba za ta hau komai ba. Tikitin wuni ɗaya ya haura dirhami 300 ga mutum guda, ku shida kuwa wajen 2,000 ke nan. Dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, don haka lissafinsa ba ya rikita mutum, naira ce kawai ke motsi. Ki ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, wanda a ciki ya ninka na gidajen abincin Deira sau biyu ko fiye, da 'yan tsarabe-tsarabe. A ƙiyasina wunin Yas zai ci maku dirhami 3,000 zuwa 3,500, tsakanin dala 800 da 950. Na IMG zai yi ƙasa da haka saboda mota.

Akwai hanyoyin rage shi. Saye ta intanet kafin ranar yakan fi na bakin ƙofa sauƙi. Wuraren Yas na kamfani ɗaya ne, suna sayar da tikitin wuri biyu ko uku ko huɗu da ake amfani da shi a ranaku daban-daban, kuma sun saba yin garaɓasar lokacin zafi, inda yaro ke shiga kyauta tare da babban da ya biya. Da yawa daga otal-otal ɗin tsibirin suna haɗa kwana da tikitin shiga. Ki zauna ki yi lissafi da kyau, domin ga mutum shida, kwana ɗaya a can wani lokaci yakan zo daidai da tikiti da tasi, ga hutun da za ku samu. Masu shagunan tafiye-tafiye na Deira ma suna sayar da tikiti da ragi, kuma akwai na gaskiya a cikinsu. Abin dubawa biyu ne: ranar da ke jikin tikitin, da kuma ko na mazauna ƙasar ne, domin irin wannan ana neman katin shaidar zama a ƙofa, baƙo ba shi da shi. Idan da katin bankin Najeriya za ki biya, tambayi bankinki iyakar abin da suka yarda a kashe a waje. Sannan kada ki sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar kowa ta fito. Kin fi ni sanin abin da ya faru daga 2022 zuwa tsakiyar 2024, lokacin da aka daina ba 'yan Najeriya biza, kuma sharuɗɗan ba su daina sauyawa ba.

Za a yi maki tayin tikitin tsallake layi, Flash Pass a Warner, Quick Pass a Ferrari, Fast Track a IMG. Kada ki saya tun daga gida. Ku shiga ku ga layin da idonku, idan ya yi tsawo ana sayarwa a ciki. Wanda ya zaɓi rana da kyau ba ya buƙatarsa. Tun farkon 2022 hutun mako a ƙasar ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin wuni, masarautar Sharja da ke maƙwabtaka da Dubai kuma tana hutun Juma'a gaba ɗaya. Daga Litinin zuwa Alhamis su ne ranakunku. Wuraren ba sa buɗewa da sassafe, sai hantsi ko kusan azahar, kuma lokacin yana sauyawa, ki duba na ranar. Ki duba har da jerin lilon da aka rufe don gyara, domin ana rufe babban lilo makonni, wani lokaci watanni, kuma ba a rage kuɗin shiga saboda haka. Ku isa kafin a buɗe ƙofa, ku wuce na bakin hanya da kowa ke rububi, ku fara da wanda yaran suka fi so.

Yanzu sutura, wadda ita ce mutanenmu suka fi tuntuɓe da ita. Duk abin da iska za ta iya ɗauka, ko ƙarfe zai iya kamawa, ba a hawa manyan lilo da shi a sake. Gyale da mayafin da aka yafa a kafaɗa, ɗankwalin da aka ɗora aka kafe, abaya mai buɗaɗɗen gaba da faffaɗan hannu, duk ma'aikata za su tsayar da ke sai an kintsa su. Ba wanda zai ce ki cire lulluɓi, ƙasar Musulmi ce kuma matan Larabawa suna hawa kullum. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin hijabi mai shiga ta kai, wanda ba ya buƙatar fil, a cusa gefensa cikin rigar sanyi mai zif, da doguwar riga marar baza, da wando a ciki. Fil da allura ki bar su a masauki, ƙarfen kafaɗa na iya danna su a jiki. Maigida ya ajiye babbar riga, kaftani ma gara gajere. Hula kuwa, ko zanna ce ko damanga, a cire ta kafin a zauna. Na ga ta wani bawan Allah ta tashi a kwanar farko, ya kai hannu ya kamo iska, ta yi ta juyawa ta sauka can ƙarƙashin dogo inda ba mai shiga sai an tashi aiki. Ya wuni da kai a buɗe yana shafa ƙeya. Takalmi mai rufi da igiya ga kowa, silifa tana fita. Waya da makulli da jaka akwai akwatunan ajiya, wasu na kuɗi ne.

Sanyin ciki ba na wasa ba ne. Daga zafin waje mutum zai faɗa cikinsa da jiƙaƙƙiyar riga, minti talatin na farko daɗi, bayan sa'a uku yara sun fara rawar ɗari. Kowa ya riƙe rigar sanyi marar nauyi, Hajiya Babba kuma da mayafi mai kauri da safa. A Warner akwai lilon kwale-kwale a sashen Bedrock da ke watsa wa mutane ruwa. Ku bar shi sai ƙarshe, ko ki zo wa ƙananan da rigar canji. Idan a cikin yaran akwai mai sikila, wannan ya wuce maganar jin daɗi: sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya duk suna tayar da ciwon. A rufe shi da kyau, a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba, kada ya jiƙe, kuma a ga likitansa kafin tafiya.

Surukarki kada ta hau komai mai gudu ko mai juyi. Allon gargaɗin da ke bakin kowane babban lilo yana lissafa masu hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon baya ko wuya, da masu juna biyu, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Lokacin da lilo ya fizgi mutum, bugun zuciya da jini suna hawa nan take, ga tsoro, kuma a wasu kwanoni jiki yakan ji nauyinsa ya ninka sau uku ko huɗu. Maigida ma, idan yana shan maganin hawan jini a ɓoye yana cewa lafiyarsa ƙalau, ki tuna masa, domin iyaye maza ne suka fi shiga layin don kada ɗa ya raina su. Ana bayar da keken tura marasa ƙarfi a wajen shiga. Ki karɓar mata ko da ta ce ba ta so. Zuwa la'asar za ta sa maki albarka. Maganinta ya kasance a jakar hannu. Ki kuma gaya mata gaskiyar wurin tun a masauki: akwai kiɗa ko'ina, akwai mutum-mutumi, akwai ma'aikata sanye da kayan dodanni suna rungumar yara. Wata tsohuwar dariya za ta yi ta yi, wata kuwa ranta ba zai so ba, kuma ya fi kyau ta zaɓa da kanta tun kafin a biya mata dirhami ɗari uku.

Wani abin da ba a zato: lilon da ya fi sa mutane amai sau da yawa ba mai gudun ba ne, mai allo ne. Za a zaunar da ku a kujera, a ba ku tabarau, allon ya nuna kuna faɗowa daga saman bene alhali kujerar ɗan karkata kawai take yi. Ido ya ce ana gudu, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne ya ce ana zaune, saɓanin nan shi ke kawo jiri da tashin zuciya. Warner da IMG suna da irinsu da yawa. Wanda ya ji abin ya taso masa ya rufe ido, zai lafa. Kada a jera su uku a jere, kuma kada a shiga da cikin da aka cika da shinkafa. Yaron da ke amai a mota shi za ki fi sa wa ido. Mai farfaɗiya kuma ya nisanci masu walƙiyar fitilu.

Ba a shiga da abincin waje, ana duba jaka a ƙofa, sai dai na jarirai da na masu lalura. Abincin ciki halal ne. Ku karya da kyau kafin ku fito, ku ci na rana kafin ƙarfe ɗaya ko bayan uku, lokacin da layin ya ragu. Faranti ɗaya yakan ishi ƙananan biyu.

Akwai ɗakunan salla na maza da na mata, da wurin alwala, ki nemi alamarsu a taswirar da za a ba ki. Abin lura shi ne ginin ba shi da taga. A Warner ma sararin sama aka zana a rufin, hasken yana sauyawa yadda suka tsara, ba yadda rana take ba. Mutum zai ɗauka hantsi ne alhali la'asar ta yi nisa. Ki saita ƙararrawa a waya da lokutan Abu Dabi, kuma ki tabbata wayar ta bar agogon gida, domin suna gabanmu da sa'a uku.

Ku shida a wuri irin wannan, sai an rabu. Da kun shiga, ku tsaya ku nuna wa yara wuri guda da za a haɗu, ki nuna masu irin rigar ma'aikata, ki ce wanda ya ɓata ya je wurin mai wannan rigar, kada ya bi kowa. Rubuta lambarki ta Dubai a takarda ki sa a aljihun ƙananan, ki ɗauki hotonsu da kayan da ke jikinsu a ranar. Kin san kiran WhatsApp ba ya shiga a ƙasar, saƙo kaɗai ke tafiya, don haka maigida ma ya sami layin can, kada ku dogara da naki kaɗai. Babban kuma ki ja masa kunne a kan ɗaukar hoton mutane, musamman mata da iyalai, ba da izininsu ba. Laifi ne a dokar ƙasar, kuma ana hukunci a kansa.

Da yawa daga lilon, ƙofar fitarsu ta cikin shago take bi, da gangan, kuma 'yar tsanar da ke ciki kin san nawa take a Deira. Ki ba kowane yaro adadin da zai kashe tun da safe, ki ce sai za a tafi za a saya, in ba haka ba za ki wuni kina ɗauke da leda kina ciniki da kuka. Hoton da na'ura ke ɗauka ana tsakiyar gudu ma na kuɗi ne. Guda ɗaya na iyali ya isa.

Kada ki sa wunin wasan a ranar da kuka sauka, bare wanda ya biyo ta Adis Ababa ko Alƙahira ya kwana a zaune, kuma kada ki sa shi a jajibirin tashi, lokacin da hankalinki ke kan awon kaya da kago. Tsakiyar tafiya ya fi. Idan kun kwana a Yas, washegari ku rabu biyu: maigida da babban su shiga Ferrari World, ke da ƙananan ku kai Hajiya Babba masallacin Sheikh Zayed, wanda aka buɗe a 2007, wajen rabin sa'a daga tsibirin. Shiga kyauta ne, ana yin rajista ta intanet, kuma farfajiyarsa a fili take, don haka ku je da farar safiya ko bayan la'asar sakaliya.